Bindiga Mai Tozo

Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku.

Ta ƙaraso, muna saurare.

A garin Potiskum, unguwar Dogo Nini, akwai wani dillalin shanu ana ce masa Abbas. Dillali ne na ƙarshen layi, irin waɗanda ke riƙe igiya idan manya na ciniki, amma in ka same shi a majalisa da yamma sai ka rantse shi ya kafa kara, kasuwar shanun garin, da hannunsa. Ya ce shi daga nesa yake jin shekarun saniya a hanci. Ya ce akwai ranar da ya dubi wani bijimi ya ce masa, "Kai, ba ka da lafiya," bijimin ya ji kunya ya kwanta.

Matarsa Yakaka Babarbariya ce, bakinta kuwa ba ya jiran izini. In ya fara irin wannan a tsakar gida sai ta ce, "Malam, da da surutu ake loda tirela, da yanzu Legas ta gaji da nama."

Shi kuma sai ya ce, "Babarbariya me ta sani a shanu? Ke dai ki ji da turaren wutarki."

To, a wannan lokacin akwai abu ɗaya da ya hana dillalan kara sukuni. Alhaji Jalo, babban falken da ke tura tireloli Kudu kowane mako, dillalinsa ya tsufa ya koma ƙauye. Kujerar ta zama babu kowa. Duk wanda ya same ta, tukunyar gidansa ta canza ƙamshi ke nan har abada. Abbas kullum yana kewaya rumfar Alhaji, ya gyara tabarma, ya kori ƙuda, ya yi dariya tun kafin Alhaji ya gama ba da labari.

Wata Laraba, kasuwa ta lafa, Alhaji na shan fura a rumfarsa, sai ya ce zabin daji da kurciyoyi sun addabi dawarsa a gonar Danchuwa. Yana son bindigar iska, irin mai harba ɗan harsashin dalma kamar ƙwayar dawa, ya riƙa rage su yana kuma motsa jini. Maganar takardun hukuma ya riga ya gama da ita.

"Mai tsada ba na so," in ji Alhaji. "Wadda za ta ba ni kunya ma ba na so. Mai araha, mai amana. Sai dai ni ban san kan abin ba."

Abbas ya saki igiyar da ke hannunsa, har maraƙin ya kama gabansa.

"Alhaji, ranka ya daɗe, ina tsaye a nan kake cewa ba ka san kan abin ba? Ni da aka yaye ni da naman gwanki?"

"Ka san bindiga, Abbas?"

"Ai bindiga da saniya duk ido ɗaya ne, ranka ya daɗe. Wanda ya iya duba wannan ya iya duba waccan."

Alhaji ya ajiye ludayi ya dube shi. "To, je ka zaɓo mini. Ranar Asabar zan kira Sarkin Baka gona a gwada ta a gaban jama'a. In idonka ya kai inda bakinka ke kaiwa, kujerar dillalina taka ce. In bai kai ba, na dai san idon."

Washegari Abbas ya sa hularsa ta Juma'a ya nufi shagon Ochai. Shi Ochai mutumin Binuwai ne, ya daɗe a Potiskum har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari daɗi. Yana sayar da kwaɗuna, tocila, tarkon ɓera, ragar kifi, da bindigogin iska ga masu takarda. Sunayen kamfanonin da ke ƙera su babu mai iya faɗa, sai mutane suka riƙa kiransu da hoton da ke jikin kwali.

Ochai ya ɗora biyu a kan tebur. "Wannan Mai Kurciya ce. Ba ta da kyan gani, amma inda ka nuna nan take zuwa. In robarta ta cinye ina da wata, in sifirin ɗinta ya gaji akwai shi a nan garin. Manoma sun saya, babu wanda ya dawo yana zagina. Wannan kuma Mai Barewa, ta ɗan fi ƙarfi, ta fi tsada, kayan gyaranta sai an jira mai zuwa Kano. In araha da amana Alhaji ke so, ɗauki Mai Kurciya ka tafi."

Abbas ya ɗauki Mai Kurciya. Ya juya bakinta ya leƙa kamar mai duba haƙora. Ya mari gindinta da tafin hannu. Ya ɗaga ta ya jijjiga, ya shinshina, ya taɓe baki.

"Ramammiya ce. Ba nama. Gashinta ma ya dushe."

"Ba yanka ta za a yi ba, Dillali."

Abbas bai kula shi ba, don a ransa yana bin dokar da ya tashi da ita a kara: wadda mai kaya ya fi yabo ita ce yake son rabuwa da ita, ta kirkin kuwa tana can ɗaure a bayan rumfa. Sai ya fara raba ido a shagon. Can saman kanta, bayan bokitai, ya hango wani dogon kwali da hoton zakuna uku, kowanne ya wage baki.

"Oga Ochai, waccan fa?"

"Bar waccan. Ba ta sayarwa ba ce, mayar da ita zan yi."

Abbas ya matso kusa da tebur. Ya gyara hula, ya yi murmushin wanda ya kama ɓarawo da hannu a tukunya.

"Sauko da ita mu gaisa."

"Malam Abbas, mutum biyu sun saye ta sun dawo da ita. Na biyun ko sallama bai yi mini ba."

"Sauko da ita dai."

Ochai ya hau benci ya sauko da kwalin yana ƙunƙuni. Da aka buɗe, sai ga wata ja jawur tana sheƙi, da rubutun ruwan gwal a gefe, ga wani madubin hange a kanta ya yi tudu.

"Allahu Akbar," in ji Abbas. "Ga tozo!"

Ya ɗaga ta, nauyinta ya ja hannunsa ƙasa. "Ka ji nama? Wannan ta sha kiwo."

Ochai ya karɓe ta ya karya ta a tsakiya, inda ake sa harsashi, ya miƙe ta, sa'an nan ya girgiza. Bakin ya yi ƙwal ƙwal. "Ka ji? Gwiwarta rawa take. Ba ta kamawa. Yau ta harba gabas, gobe yamma, ita kanta ba ta san inda za ta ba."

"Rangwaɗa ce. Lafiyayyar karsana ba ta tafiya kamar soja."

"Ina gaya maka ba ta da kyau!"

Abbas ya kashe masa ido. "Mu ma haka muke cewa. In saniya na da ciki ba ma son mai saye ya gane, sai mu ce tari take."

"Ni ba dillali ba ne, Malam. Coci nake zuwa."

"Mu ma masallaci muke zuwa."

Ochai ya nufi ƙofa. Ya leƙa waje ya kira mai shagon taya da mai sayar da fetur a kwalba, ya ce su shaida ya faɗa wa mutumin nan gaskiya. Abbas na ganin an kira shaidu ya ƙara tabbata abin nan ba ƙarami ba ne. Ya kama hannun Ochai ya riƙe gam kamar yadda ake yi a kara, yana jijjigawa.

"Ka sallama?"

"Sakar mini hannu."

"Ka sallama?"

"Na sallama. Allah ya tsare maƙwabtanka."

Da ya isa gida, Yakaka na wanke-wanke a gefen randa. Ta dubi bindigar, ta dubi mijinta.

"Malam, wannan amarya ce ko bindiga?"

"Matsa dai ki ga aikin maza."

Ya kife turmi a gindin katanga, ya ɗora gwangwanin madara a kai, ya ja da baya. Ya karya bindigar, ya sa harsashi, ya miƙe ta, ya manna ido a madubi, ya ja kunama. Tau! Gwangwani bai motsa ba. Can hagu kuwa, randar Yakaka ta yi wani ɗan ƙara, sai ga ruwa siriri yana tsartuwa daga cikinta har kan zaninta.

Yakaka ta bi ruwan da kallo. "Gwangwanin ya ce a gaishe ka."

"Baƙuwa ce a garke," in ji Abbas. "Ba ta saba da hannuna ba. Amma na gane halinta, hagu take ja. Maganin mai jan hagu a nuna mata dama."

A dama kuwa akwai gajeriyar katangar da ta raba su da gidan Jang, mutumin Jos, tsohon ma'aikacin hukumar ruwa da ya yi ritaya ya zauna a unguwar. Jang na da wani talotalo da yake turkawa don Kirsimeti, kuma a daidai lokacin talotalon na kan katangar ya baza wutsiya yana taƙama. Abbas ya auna da ido, ya ga in ya saita talotalo, to lalle gwangwani zai samu. Ya saita. Ya ja kunama.

A wannan karon bindigar ta tafi sak inda aka nuna ta.

Gashi ya tashi sama kamar an fasa matashi. Talotalo ya kurma ihu ya faɗa gidan ubangidansa. Ba a jima ba sai ga Jang a ƙofar zaure da singileti, ya rungumo tsuntsun, bayansa fayau babu ko gashi ɗaya.

"Malam Abbas, me tsuntsun nan ya yi maka?"

"Ba shi na nufa ba, maƙwabci. Gwangwani na nufa."

"To me ya sa bakin bindigar ke kallon gidana?"

"Don in sami gwangwanin."

Jang ya gyara rungumar tsuntsunsa. Ya leƙa ciki ya ce, "Madam, ya ci abinci yau kuwa?"

"Ya ci, Baba Jang. Abin ba na yunwa ba ne."

"Kai dai ka dubi ƙarfi," in ji Abbas. "Daga nan ta fige shi. Ranar Kirsimeti an rage maka aiki."

Da Jang ya tafi yana magana da yarensu, Abbas ya ce tunda ta yi hagu ta yi dama, saura tsakiya, dole. Ya sake saita gwangwani. Harsashin ya tashi sama ya shige ƙarƙashin kwanon ɗaki, inda rina suka yi gida tun bara. Yakaka ta riga ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Abbas ya kewaya turmi, ya kewaya rijiya, ya buga ƙofa yana kiran sunanta har da na babanta, ta ce ba ta buɗe wa maharba. Kafin rinan su huce, idonsa na dama ya kumbura ya rufe ruf kamar ƙosai.

Ta fito tana shafa masa toka da manja. "Idon da Alhaji zai gwada ke nan?"

"Ɗayan ma ya ishi Potiskum."

Kafin la'asar labari ya gama Dogo Nini. Mai shayi ya janye teburinsa zuwa wancan lungun. Mata suka kwashe shanya suka mayar ɗaka. Mai tallan kifi in ya zo ƙofar gidan sai ya sauke tire daga ka ya wuce a duƙe. Jang ya ɗaure talotalonsa a banɗaki.

Ana nan sai ga Ochai a kan mashin, da wani abu dogo naɗe a buhu. Jang ne ya je ya ba shi labari. Ya yi sallama, Abbas ya fito da ido ɗaya.

"Malam Abbas, ga Mai Kurciya na kawo. Ba ni waccan, ba sai ka ƙara komai ba. Ba na son a ce daga shagona aka kashe mutum."

Abbas ya juya cikin gida ya ɗaga murya. "Yakaka! Zo ki ji da kunnenki! Ya biyo ta har gida!"

Don a kara, in mai saniya ya biyo ka bayan ciniki yana roƙon a warware, to ya gano ya yi asarar ta kirki ne.

Yakaka ta leƙo daga bayan labule. "Malam, don girman Allah karɓi ta buhun nan."

"Ka ji Babarbariya. Oga Ochai, an riga an tafa hannu. Wani Alhajin ne ya taya ta da tsada, ko? Faɗi gaskiya, ba zan ji haushi ba."

Ochai ya ɗaure buhunsa a bayan mashin. "Wace rana ce gwajin?"

"Asabar, a Danchuwa. Za ka zo?"

"A'a. Ina so in san ranar da ba zan bi hanyar ba ne."

Duk da haka, rawar gwiwar nan ta ɗan tsaya wa Abbas a rai. Washegari sai ya yi mata abin da ake yi wa saniya in za a kai ta kasuwa. Ya samo man shanu ya ɗura mata ta baki, ya shafe ta ciki da waje har tana ɗiga. Ya yanko robar tayar keke ya naɗe gwiwar. Don kada a ga robar, ya kai wa baduku ya rufe wurin da jar fata, ya zuba mata geza tana reto.

"Saura kanwa da dusa," in ji Yakaka. "Ko in dama mata kunu?"

"Ki yi dariyarki. Ran da na zama dillalin Alhaji, ke za ki fara neman sabuwar randa."

"Tun jiya nake nema."

Ranar Asabar da hantsi gonar Alhaji Jalo ta cika. An shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiya, an jera ƙoren fura. Dillalan kara sun zo kallon abokin takararsu. Mutanen Dogo Nini kuwa sun yi karo-karo sun ɗauko a-kori-kura, Jang a gidan gaba da kujerarsa ta roba. Ga Sarkin Baka Yaji, shugaban maharban yankin, wani tsoho busasshe mai rigar layu, karnukansa kwance a ƙafarsa. Can gefe guda, nesa da taron, an ɗaure jan bijimin Alhaji a turke, wani rahaji mai ƙahoni kamar rassan itace, wanda Alhaji ke kiwo da hannunsa yana nuna wa baƙi.

Abbas ya zare bindigar daga kwali ya ɗaga sama. Rana ta bugi man shanu, ta yi walƙiya. Wasu suka ce, "Kai!"

"Me ya sami idonka?" in ji Alhaji.

"Yawan saiti ne, ranka ya daɗe."

Sarkin Baka ya karɓi bindigar, ya juya ta, ya shinshina, ya goge hannunsa a wando. "Ɗana, wannan harba ta za a yi ko soya ta?"

Aka yi dariya. Tsohon ya sa aka kafa sanda a tsakiyar fili aka rataya ƙwarya. Sa'an nan ya ce, "A al'adarmu ta maharba, sabuwar bindiga ba a fara ta a hannu. A ɗaure ta a gwafar itace, a saita, a ɗaura zare a kunama, kowa ya koma bayan bishiya, a ja. Nan ake sanin halinta ba tare da ta ci kowa ba."

Abbas ya fizge kayarsa. "A ɗaure ta kamar ɓarauniya? Baba, wannan ba irin 'yan tokarku ba ce da maƙeri ke bugawa da bututun ruwa. Zaki Uku ce. Daga ƙasar waje ta zo a jirgi."

Sarkin Baka ya dubi Alhaji. Alhaji ya ce, "Bar shi, Sarki. Shi ya zaɓo."

Abbas na fara karya bindigar, mutanen Dogo Nini suka kwanta rub da ciki kamar an ba su umarni. Jang kuwa ya ɗauki kujerarsa, ya taka a hankali har tsakiyar fili, ya ajiye ta daidai ƙarƙashin ƙwaryar, ya zauna ya harɗe ƙafa.

"Kai, bawan Allah!" in ji Alhaji. "Nan fa za a harba!"

"Na sani, Alhaji. Ni maƙwabcinsa ne. Duk gonar nan, nan kaɗai na amince da shi."

Da ƙyar Sarkin Baka ya tashe shi. Jang ya koma bayan a-kori-kura yana cewa in wani abu ya same shi a can, su suka jawo.

Abbas ya manna kumburarren idon a madubi, ya tuna ba ya gani, ya juya da ɗayan. Ya ja kunama. Bindigar ta yi wani "fuuus" kamar tsohuwa ta yi ajiyar zuciya. Man shanu ya fito ta baki, harsashin ya gangaro a cikinsa, ya ɗiga a kan takalmin Abbas.

Sarkin Baka ya sunkuya ya tsince shi ya miƙa masa. "Ungo, ɗana. Bai yi nisa ba. Irin wannan ai akwai tattali, harsashi ɗaya ya kai ka shekara."

Dillalai suka faɗi kan tabarma suna riƙe ciki.

"Gyaran murya ta yi!" in ji Abbas. "Yanzu za ku ji magana!"

Ya sake ɗurawa, ya miƙe ta da ƙarfi, ya saita ƙwarya, ya ja. Tau! Ƙwarya ko lilo ba ta yi ba. Kowa ya shafa jikinsa ya ji lafiya. Sai can gefe aka ji wani ruri da ya girgiza tsamiya. Harsashin ya sami jan bijimi a kuturi, daidai gindin wutsiya.

Bijimi ya yi sama, ya dawo, ya tumɓuke turken ya taho da shi yana ja. Karnukan Sarkin Baka su suka fara barin wurin. Ƙoren fura suka tarwatse. Dillalai suka bar takalmansu. Alhaji Jalo, mutum mai jiki da babbar riga, ya tattare ta har ƙirji ya yi gudun da bai yi ba tun yana saurayi, mutanen Dogo Nini suka jawo shi bayan a-kori-kura kamar buhun masara.

"Ku bar ni da shi!" Abbas ya yi ihu. "Na san shanu!"

Ya tsaya a gaban bijimin ya ɗaga bindiga kamar sanda, ya yi masa irin kiran da makiyaya ke yi. Bijimin bai nuna ya san shi ba. Abbas ya kaɗa bindigar da ƙarfi, robar tayar keke ta tsinke, bindigar ta naɗe a gwiwa ta datse masa hannun riga. Ya yarfe, ta ƙi faɗuwa. Sai ya juya ya kwasa, bindiga na reto a hannun rigarsa, jar geza na kaɗawa, bijimi na biye da turke yana share ƙasa.

Suka kewaya tsamiya. Suka ratsa dawar da aka ce za a tsare, suka kwantar da kunya guda. Abbas ya hango rumbu, ya taka dutsen gindinsa ya haye kan jinka. Jinkar tsohuwa ce, ta burma da shi, ya nutse har hammata, ya rage kai da hannuwa a waje, da bindiga a rataye. Bijimi ya tsaya a ƙasa yana huci yana tonon ƙasa, har makiyayin Alhaji ya zo da dusa ya lallashe shi ya ja shi.

Jama'a suka taru a gindin rumbu. Alhaji ya iso ba hula, fura a gaban rigarsa.

"Ranka ya daɗe," in ji Abbas daga sama, "ka dai ga nisan da ta kai. Ƙarfi kam akwai. Saiti ne kawai za a ɗan taɓa."

"Wa ya sayar maka da wannan abin? In sa a kamo shi."

Jang ya matso da kujerarsa a hannu. "Alhaji, kada a taɓa mai shagon. Ya ce masa ba ta da kyau, har shaidu ya kira. Ya bi shi gida da mai kyau a buhu ya ce su yi musaya, ya kore shi."

Alhaji ya ɗaga kai. "Haka ne, Abbas? Mai kaya da bakinsa ya ce kayansa ba kyau, ka ƙi yarda?"

"Ai ranka ya daɗe, ka san yadda ake yi. In mai kaya ya kushe, mai kyau ce. In ya yaba, akwai ciwo. Ni kaina duk saniyar da ka ji ina rantsuwa a kanta..."

Ya tsaya. Amma maganar ta riga ta sauko daga kan rumbu, kowa ya ji.

"Ƙarasa mana," in ji Alhaji. "Akwai baƙar saniyar da ka rantse mini a kanta da azumi, wadda ta mutu a hanyar Lokoja. Ƙarasa."

Abbas ya dubi sama da idonsa ɗaya, kamar yana duba hadari.

Alhaji ya karɓi hularsa daga hannun wani, ya kakkaɓe. "Na ce zan san idon, na kuwa san shi, har da bakin. Sarki, ka aika a karɓo mini waccan ta buhu. Wannan kuma a bar shi a nan, tsuntsaye sun fi jin tsoronsa a sama."

Sai bayan azahar aka ciro shi da tsani. Kujerar dillali kuwa aka ba wani.

Laraba ta kewayo, Abbas ya sa hula ya shiga kara kamar babu abin da ya faru. Ya nufi wani farin sa da wani makiyayi mai suna Mu'az ya kawo, ya ɗaga hannu zai mari kuturinsa ya fara yabo. Mu'az ya yi wuf ya riƙe hannun.

"Don Allah, Malam Abbas, kada ka yabe shi. Ina da iyali. Je ka yabi na wancan."

Abbas ya fusata. Ya ja da baya ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji. "Wa zai yabi wannan? Ramamme! Ga kaska, ga tari, ƙafar baya ma ja yake! Ko kyauta ba na so!"

Labarin rumbu kuwa ya riga ya gama kara: abin da Abbas ya kushe, shi ne na kirki. Sai ga fatake sun taso daga rumfuna suna ture juna, kowa na miƙa hannu yana tayawa. Sabon dillalin Alhaji Jalo ne ya riga kowa kama igiyar.

Da yamma Abbas ya shiga gida ya zauna a kan turmi ya cire hula.

"Yaya kasuwa, Malam?" in ji Yakaka.

"Sai godiya. Yau magana ɗaya na yi, farin sa ya sami mai saye."

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera. Nan na sauke ta, mai so ya ɗauka.